Tilas Ko Sa Hannu: Yaro Da Miyar Ganye

Duk wanda ya haye gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu da rani, zai hangi lambuna shimfiɗe a gaɓar ruwa, alayyafo da yakuwa da latas da kabeji kore shar. Kafin hantsi kayan nan sun isa kasuwannin Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha. Ganye dai ba ya wuya a wannan yanki, kuɗinsa kuwa bai kama ƙafar na nama ba. Tun da aka rufe masaƙar Kaduna Textiles a 2002, wadda ta fara aiki a Kakuri a 1957, sauran masaƙu kuma suka bi bayanta, gidaje da yawa sun koma lissafin kowane ƙwandala. Amma duk da haka sai a tarar da yaro ya tsame ganye daga miya ya jera a bakin kwano, yana kukan a dafa masa Indomie.

To, me ya wajaba a kan iyaye? Su tilasta shi, ko su ƙyale shi?

Masu tilas suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Zogale da alayyafo da karas da kabewa suna ɗauke da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, watau yaro ya kasa gani da zarar magariba ta yi, in abin ya yi tsanani har ya makance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babba ya ci ganye da 'ya'yan itace giram 400 kowace rana, yaro kuwa gwargwadon shekarunsa. Ɗan shekara biyar bai san wannan ba, ba kuwa za a bar lafiyarsa a hannun harshensa ba. Su kan ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Gaskiya ne, amma tanƙwarawa dabam, karyawa dabam. Yaron da aka tsaya kansa da bulala zai haɗiye rama, sai dai abin da ya koya shi ne rama horo ce. Ranar da ya fara riƙe kuɗin kansa, ranar ya ke rabuwa da ita. Ba kuwa tsiwa ce kaɗai ke sa shi ƙi ba: harshen yaro ya fi na babba jin ɗaci, kuma sau da yawa sai ya ɗanɗana sabon abu sau goma ko fiye kafin ya saba da shi. Wanda ya buge shi a karo na biyu ya hukunta shi ne a kan halittarsa.

Akwai hanya ta uku, tsohuwa ce kuwa, ita ce a jawo shi madafa. A ba shi reshen zogale ya tsige, ya wanke yakuwa, ya daka ƙuli-ƙuli a ƙaramin turmi, a bar masa juya kwaɗo da hannunsa, sa'an nan a ce ya ɗanɗana ya faɗi ko gishiri ya ji. Wuƙa da wuta dai na manya ne. Wanda aka tambayi ra'ayinsa a kan abinci ya zama mai shi, da wuya kuwa mutum ya kushe aikin hannunsa a gaban ƙannensa. A nan ne kuma zai ga dalilin abubuwa: man da ke cikin ƙuli-ƙuli shi ke taimakon jiki ya amfana da ganyen, yawan kanwa da daɗewa a wuta kuwa su ke kashe wani sashe na amfaninsa. Kakanni ba su san sunan bitamin ba, amma kwaɗonsu ya dace da ilmin likita.

Wani zai ce wannan wayo ne, an yaudari yaro. Ba haka ba ne. Yaudara ita ce a niƙa ganye a ɓoye cikin miya don kada ya gani. A madafa kuwa ba abin da aka ɓoye masa.

Abin da ya fi wuya shi ne batun 'ya'ya maza. Yarinya tun tana tuwon ƙasa a ke nuna mata tukunya, amma yaro in ya raɓi murhu sai a kore shi, a ce zai zama ɗan daudu. Abin mamaki, mai shayi da mai tsire da mai lambun bakin kogi duk maza ne, ba wanda ya zarge su. Yaron da aka kora ɗin nan shi ne gobe zai riƙe kuɗin cefane, shi zai tsaya gaban mai alayyafo a Kakuri ya yanke shawarar ko a saya ko a wuce.