Faɗuwa da Gangan Don Kofin Gobe: Haƙuri ne ko Cin Amana?

A gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka, ƙungiyar da ta ƙare kakar wasa a ƙasan tebur ba ta faɗawa rukuni na ƙasa kamar yadda aka saba a ƙwallon ƙafa. An ma daɗe ana ba ta babban rabo a ƙuri'ar da ke tsara wanda zai fara zaɓen sabbin 'yan wasa. An yi tsarin don a tallafi mai rauni, amma ya buɗe wata ƙofa: ƙungiyar da ta ga kofi ya fi ƙarfinta bana tana iya neman faɗuwa don ta samu gwanin matashi baɗi. Shin kyakkyawar manufa tana halatta wannan hanya?

Philadelphia 76ers ce ta fi shahara da wannan. Sam Hinkie ya karɓi ragamarta a 2013, ya rabu da ƙwararru irin su Jrue Holiday, ya tara damar zaɓe. Cikin wasanni 82 na kowace kaka, ƙungiyar ta ci 19, sannan 18, sannan 10 kacal a kakar 2015-16. Ta haka ta samu Joel Embiid ɗan Kamaru a 2014, wanda ya zama gwarzon gasar a 2023, da Ben Simmons a 2016. Har zuwa 2025 dai ba ta wuce zagaye na biyu na wasannin fitar da gwani ba.

Masu kare wannan dabara suna auna aiki da sakamakonsa. A wurinsu, 'yan shekarun ɗaci da za su haifi kofi sun fi zaman tsaka-tsaki na har abada, kuma babu dokar da aka karya, tunda 'yan wasan da ke fili suna iya ƙoƙarinsu.

Hujjar tana da ƙarfi, amma ta tsallake haƙƙin mutane biyu. Na farko ɗan kallo ne, wanda ya sayi tikiti bisa yardar cewa ɓangarorin biyu nasara suke nema. In shugabanni sun shirya wa faɗuwa tun daga ofis, an yi masa algus, abin da fiƙihun Musulunci ya haramta a ciniki ko da ribar za a yi alheri da ita. Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne matashin ɗan wasa. Shekarun ƙarfinsa ƙalilan ne, ba sa dawowa. Masanin falsafa Kant ya koyar da cewa ba a ɗaukar mutum a matsayin kayan aiki kawai don cim ma buri, Aristotle kuwa ya ga cewa hali yana ginuwa ne ta maimaita aiki. Yaron da ya tashi inda faɗuwa ba ta damun kowa, kuma babu manyan da za su nuna masa ladabin sana'a, da wuya ya koyi abin da ɗaukar kofi ke buƙata. Misali, Michael Carter-Williams na Philadelphia ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa a 2014, aka yi musayarsa a 2015 don wata damar zaɓe.

Oklahoma City Thunder ta rikita lissafin. Ta samu Shai Gilgeous-Alexander a 2019, ta ci wasanni 22 da 24 a kakanni biyu a jere, an kuma zarge ta da ajiye manyan 'yan wasa, sannan ta ɗauki kofi a 2025 bayan ta doke Indiana Pacers a wasa na bakwai na zagayen ƙarshe. Nasarar ba ta wanke hanyar ba, kamar yadda rashin kofi ba shi ne laifin Philadelphia ba. Abin dubawa shi ne niyya. Mai horarwa da ya sa yara a fili don su goge, yana so su ci ko da ya san za su sha kashi, haƙuri yake yi. Wanda ya zaunar da gwani lafiyayye don kada a ci, amana ya ci.

Hukumar NBA ba ta iya ganin zuciya, don haka ta rage kwaɗayin. A 2019, ƙungiyoyi uku na ƙarshe kowacce ta koma kashi 14 cikin ɗari na samun zaɓin farko, maimakon kashi 25 da ta ƙarshe ke da shi a da. A 2023 ta ci tarar Dallas Mavericks dala 750,000 saboda ajiye manyan 'yan wasanta a wasan da take buƙatar ci.