Laifin Itace Ne Ko Na Mai Dasawa?

Duk wanda ya taɓa shan inuwa a bakin hanya a Tamale cikin zafin Maris ya san alherin dogon yaro. Asalinsa ƙasar Indiya ne. A zamanin mulkin Ingila aka kawo shi Gana, domin inuwa da itacen girki. Waɗanda suka dasa shi nufinsu mai kyau ne.

Amma fita bayan gari, ya mai karatu, ka duba gindin kaɗanya da ɗorawa. Tsuntsaye da jemagu sukan sha 'ya'yan dogon yaro, su yar da ƙwallon inda suka sauka. Can zai tsiro cunkus, ya tare rana, ciyawar kiwo ta ragu. Ganyensa da ɗaci, shanu ba su damu da shi ba. In an sare shi, sai ya sake toho. Matan da ke tsintar kaɗe, da masu yin daddawa, su ne za su biya bashin da ba su ci ba.

To, sai mu ce baƙo ne mugu? A nan mutanen zango ya kamata su yi hattara, gama mu ma an sha kiranmu baƙi. Bari mu dubi tamu ciyawar, wato gamba, wadda muke saƙa zana da ita. A wajen 1931 aka kai ta Ostareliya domin kiwon shanu, har sunanta na Hausa ya bi ta can. A gida shanu suna cinta tun tana ɗanya, mutane suna yankanta, ba ta fi ƙarfin kowa ba. A kewayen birnin Darwin kuwa takan kai tsawon mita 4, ta bushe, in wuta ta kama sai ta cinye har manyan itatuwa. A 2008 hukuma ta sa ta cikin miyagun ciyayi. Gambar ba ta sāke hali ba. An dai raba ta da masu tsare ta.

A ganina, kyakkyawan nufi bai isa ya wanke mutum ba. Wanda ya ɗauko rai daga wata ƙasa ya ɗauki nauyin lura da shi, ko da bayan ya gama shan inuwar. Masu dasawar sun daɗe da tafiya, nauyin ya faɗo kanmu. Ba na cewa a sare na bakin hanya. Amma ɗan tsiron da ke gindin kaɗanya, tun yana kai gwiwa, fartanya ɗaya ta ishe shi.