Ƙwaron da ke Cin Bedi, Shi ma Sadaka Yake Ci?

Duk ranar dashen itatuwa, hadisin da muke jawowa shi ne wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Da shi nake zaburar da ɗalibai a makarantar da nake kula da itatuwan harabarta. Amma akwai wani mai ci da ba ma son ambata, wato ƙwaron da ke tsotse itace har ya bushe. Shi ma sadakar yake ci? In haka ne, da wace hujja zan goya masa tankin feshi?

Ƙwaron da nake nufi ko motsi ba ya yi. Juya ganyen bedi, wato darbejiya, za ka ga ɗige-ɗige rawaya manne da shi. Kankare ɗaya da farce, sai ɓawo ya ɗago, ɗan halittar na ƙarƙashi ya kafa baki yana shan ruwan ganyen. Ganye ya yi rawaya ya zube, reshe ya fara bushewa daga sama. Daga Asiya ya fito, kuma a tsakiyar shekarun 1980 ya yi wa bedi ɓarna a ƙasashen tafkin Chadi, lokacin da fari ya riga ya galabaitar da itatuwa.

Dattijon da ke ban ruwa a wurin renon dashenmu ya ce mini, "Malam, ƙyale su, rabonsu suke ci. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." Ɗalibai kuwa cewa suke baƙo ne, a feshe shi kowa ya huta. Ban bi ko ɗaya ba.

Hujjar ɗalibai ta fi saurin faɗuwa, domin bedin kansa baƙo ne. Asalinsa Indiya, kuma a 1928 aka fara dasa shi a Borno. Yau a garinmu Rimaye, da Kankiya da Kusada, wa zai kira shi baƙo? A inuwarsa ake karatun allo, a nan ake zaman makoki, da reshensa ake asuwaki. Baƙunta ba laifi ba ce. Abin da ya mai da ƙwaron annoba shi ne ya sauka inda maƙiyansa ba su da yawa, ya kuma tarar mun jera masa iri ɗaya tak, layi bayan layi.

Maganar dattijon ta fi nauyi, amma itacen makaranta amana ne, kuma sadaka ce mai gudana ga wanda ya dasa shi, wataƙila ma ya rasu. In na bar ƙwaro ya kashe shi, na yanke wa mamaci lada, na hana tsuntsu da ɗan akuya da ɗalibin baɗi rabonsu saboda baki ɗaya. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce a gusar da cuta, amma ba da wata cutar irinta ba. A Risalar Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a zaure, an halatta kashe tururuwa idan ta cutar kuma babu yadda za a yi, an kuma karhanta kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta. Hadisi ya ba da labarin wani Annabi da Allah ya yi wa gyara don ya ƙone gidan tururuwa baki ɗaya saboda cizon guda.

Wannan ma'auni ne ya hana ni gaggawar feshi. Ɓawon nan yana kare ƙwaron daga magani, sai gubar ta ƙare kan ƙananan ƙwarin da ke cinsa, da kan zuma, wadda hadisi ya hana kashewa. Lokacin da farin ƙwaron mangwaro ya mamaye Togo da Benin a shekarun 1980, ba feshi ne ya karya shi ba. Masu bincike, har da cibiyar IITA, sun kawo wani mitsitsin zanzaro daga Indiya, shi ya rage shi.

Saboda haka muke datse reshen da ya kamu mu binne, mu ba itace ruwa da bazara, mu duba bayan ganyen kowane dashe kafin ya shigo harabar. Inda bedi ya mutu mukan sa tsamiya ko gawo ko aduwa, don kada cuta ɗaya ta share mana inuwa gaba ɗaya.

Abin da ƙwaro ya ci kafin in gani, ina fatan Allah ya rubuta shi sadaka ga mai dashen. Wanda ya ci bayan na gani na kau da kai, wannan sakacina ne, kuma ni za a tambaya.