Tsohon haske da nauyin shaida

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Na daɗe ina koyar da wannan karin magana ban taɓa tuhumarta ba, sai a hutun da ya wuce, a Safo, da wani dattijo ya yi mini sallama bayan lisha. Ana neman auren ƴarsa, manemin kuwa tsohon ɗalibina ne. Ya ce: «Malam, kai ka gan shi da idonka. Mene ne halinsa?»

Kafin in amsa, sai wani garken taurari ya faɗo mini a rai, wanda masana ke kira NGC 5866. William Herschel ya hango shi a 1788, madubin hangen nesa na Hubble kuma ya ɗauki hotonsa a 2006: kamar faifai biyu da aka kifa wa juna ana kallonsu ta gefe, baƙin zaren ƙura ya ratsa tsakiya. Irin wannan garke ya kusa cinye iskar da ke haifar da sababbin taurari, galibi tsofaffi suka rage. Amma nisansa ne abin lura. Haske, mai cin kilomita dubu 300 a daƙiƙa guda, sai da ya yi tafiyar shekara kusan miliyan 50 kafin ya iso gare mu. Ashe abin da madubin ya kama tsohon labari ne. Ido bai yi ƙarya ba; jiya ya gani, mai shi ya ɗauka yau ce.

To, yaron fa? Rabona da shi shekara 14. Na san shi da barci cikin aji da neman faɗa a filin ƙwallo, har na taɓa rubuta masa «malalaci» a takardar sakamako. In na faɗi wannan ban yi ƙarya ba, amma ina iya rushe aure da halin ɗan shekara 15. In na ɓoye kuma, na ci amanar yarinya, tunda wasu sun ce hali zanen dutse ne. Masanin taurari ya fi mu adalci a nan: ba ya ba da shaida sai ya haɗa da shekarun haskensa.

Na gaya wa dattijon abin da na sani, da shekarar da na san shi, na roƙe shi ya shiga Maradi ya tambayi waɗanda ke cuɗanya da yaron yanzu. Ya yi jim, ya jawo takalmansa, ya ce shi dai maganar malami ya fi yarda da ita.