Ƙaddara da Kwalbati: Tambayar da Damina ke Yi wa Fulatan

Idan marka ta zauna a watan Agusta, akwai ƙarar da mutanen karkarar Rogo suka sani sarai: katangar ƙasa ta sha ruwa ta zube. Da safe maƙwabta su taru a ƙofar gida suna jaje, "Allah Ya mayar da alheri, Malam," shi kuma maigida ya ce ƙaddara ce. Gaskiya ya faɗa, babu Musulmin da zai musa masa. Amma akwai tambayar da ta rage wa Fulatan da sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo: shin imani da ƙaddara ya ɗauke wa magidanci nauyin yashe kwata, ya ɗauke wa hukuma nauyin faɗaɗa kwalbati?

Tambayar ta ƙara nauyi ne saboda ruwan ya sake hali. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da kukan kowa rashin ruwa ne. Yanzu ga wani kukan. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa da ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ruwan da ƙasa kan shanye a hankali yana iya sauka cikin 'yan sa'o'i, ya rasa inda zai bi. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga tsakiyar Maiduguri. Kano ma ta ɗanɗana irin wannan a 1988, da madatsar Bagauda ta fashe. Kuma a ƙasar Karaye madatsar Challawa take, wadda aka kammala a 1992, mai riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900, wadda duk abin da ya same ta sai an ji shi har Haɗeja.

Akwai masu cewa ambaliya jan kunne ce daga Ubangiji, maganinta tuba da istigfari. Wasu ma suna ɗari-ɗari da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa duk shekara, suna ganin kamar kutse ne cikin gaibu. Tuba wajibi ce a kowane hali, kuma mai hasashe alamu yake karantawa, kamar yadda manomi ke duban gabas ya ce hadari ya haɗo. Abin dubawa shi ne yadda magabata suka yi da ruwa ya zo musu.

A zamanin halifancin Sayyidina Umar, ambaliyar da masu tarihin Makka ke kira ta Ummu Nahshal ta kutsa cikin Masallacin Harami, ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga mazauninsa ta kai shi gangaren gari. Umar ya taso daga Madina, ya binciki ainihin wurin, aka mayar da dutsen. Bai tsaya nan ba. Ya sa aka gina shinge na manyan duwatsu a saman gari domin karkatar da ruwa daga masallacin. Mutumin da ya fi kowa a zamaninsa sanin cewa Ɗakin Ka'aba yana da Ubangiji mai tsare shi, shi ne ya tara ma'aikata suka yi wa ruwa hanya. Shi ne kuma ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, kuma da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take.

A nan gida ma haka aka fahimci addini. Cikin nasihar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gina garuruwa da gadoji da kula da hanyoyi da kasuwanni a cikin ayyukan shugaba.

Maginan gargajiya sun yi aiki da wannan fahimta ko da ba su karanta ta a littafi ba. Kafin ruwan farko a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a shafe soro da makuba, a gyara indararo ya riƙa watsa ruwa nesa da gindin bango, a ɗaga dakali ya tare zaizaya. Ramin da aka haƙi ƙasar gini shi ke zama kududdufi, ya karɓi ruwan unguwa gaba ɗaya. Duk wannan an auna shi ne da ruwan wancan zamani. Yau a garuruwa da yawa ana cike kududdufai ana yanka filaye, leda ta toshe magudanai, ana sare itatuwan bakin rafi don gawayi, ana kwashe yashi har gaɓa ta rufta. Ruwa ya ƙaru, hanyarsa ta ragu. Idan kwalbati guda ya karye a hanyar ƙauye, buhunan masara da rake su maƙale a gona, mai naƙuda ta kwana a wancan ƙetaren.

A nan ne ya kamata a raba magana biyu. Kalmar ƙaddara a bakin wanda katanga ta faɗa wa ɗakinsa haƙuri ce, kuma yana da lada a kanta. A bakin ɗan kwangilar da ya rage siminti, ko jami'in da ya sa hannu aka yi gini a kan hanyar ruwa, kalmar ta zama mafaka daga tambayar amana. Shari'a ta san lamuni: wanda sakacinsa ya jawo wa wani hasara, ana bin sa.

Aikin kuwa rabe yake. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke da alhakin lafiyar Challawa da sanar da na ƙasa kafin a saki ruwa. Ƙaramar hukuma da injiniyoyin jiha su ne za su auna sababbin gadoji da ruwan yau, su daina kwaikwayon ma'aunin da aka gada. Dagaci da masu unguwanni suna iya hana cike kududdufi, su kira gayyar yashe magudanai. Limaman Juma'a kuma, waɗanda jama'a ke bi fili roƙon ruwa idan damina ta yi jinkiri, suna da damar ware huɗuba guda a watan Afrilu kan haƙƙin hanyar ruwa, tun ƙasa na bushe, lokacin da tonon lambatu bai wuce aikin matasan unguwa na safiya ɗaya ba.