Laifin Wa, Mai Taimako Ko Ɗan Kallo?

'Yan uwana mata, ga wata tambaya. Mutum ya yanke jiki ya faɗi a gabanki, zuciyarsa ta tsaya, kika yi iya ƙoƙarinki amma rai ya yi halinsa. Shin akwai alhakinsa a wuyanki?

A ƙasashen Turawa akwai wata 'yar na'ura mai suna AED, ana rataye ta a filayen jirgi da makarantu da manyan kantuna. Za ki manna fefenta biyu a ƙirjin wanda ya faɗi, ita ce za ta auna zuciyar, tana magana tana gaya miki abin yi, kuma ba ta sakin lantarki sai da buƙata. Likitoci sun ce duk mintin da ya wuce ba agaji, damar rayuwarsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari.

Amma sai jama'a suka riƙa noƙewa, wai kada dangin mamaci su maka su a kotu. Shi ya sa a 2000 shugaban Amurka Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ce ba za a bi mai taimako da diyya ba, sai in ganganci ya yi. Faransa ta halatta wa kowa amfani da na'urar a 2007, ta kuma ƙara wa mai ceto kariya a 2020.

Mu ma ai mun san wannan tsoron. Sau nawa ake zagaye wanda aka jikkata ana salati, kowa na gudun tambayar 'yan sanda? A 2017 Nijeriya ta yi dokar da ta hana a tsangwami wanda ya kai mai raunin harbi asibiti.

Ni dai a ganina wanda zuciyarsa ta tsaya, ba abin da hannunki zai ɓata masa, ko da haƙarƙari ya karye wajen danna ƙirji. Tsayuwa kallon ce ke cutar da shi. Doka tana ɗaure hannun mai ƙara ne kawai, ba za ta miƙa naki ba.

Kuma ki tuna, in mace ce ta faɗi, maza kan ja da baya don kunyar buɗe mata ƙirji. To wa ya rage mata in ba ke ba? Ki nemi ma'aikaciyar jinya ta koya miki danna ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti. Rai na Allah ne, ƙoƙari kuwa namu ne. Allah Ya sa mu dace, amin.