Allon Rubutu da Allon Kallo

Duk lokacin da mu masu sana'ar rubuta manhaja muka haɗu, a ofis ko a teburin mai shayi, da wuya a tashi ba a taɓa musun nan ba: ina na'urorinmu suka dosa? Wani ya ce kwamfutar tafi-da-gidanka ta kusa zama tarihi. Wani ya ce kwamfutar allo, wato tablet, ita za ta riga mutuwa, domin waya ta girma ta cinye mata kasuwa. Wani kuma ya zaro wayarsa mai naɗewa ya buɗe ta kamar littafi, ya ce ga amsa nan. Musu ne mai daɗi, sai dai kullum a kan faɗin gilashi yake ƙarewa. Akwai tambayar da muke tsallakewa: idan na'ura ɗaya ce za ta rage a hannun mutum, zai iya ƙera wani abu da ita, ko kallo kawai zai yi? Kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci, wanda ya biya kuɗinsa ko kamfanin da ya sayar masa?

Masu cewa waya za ta haɗiye sauran suna da hujja. Lokacin da iPhone ta fito a 2007, gilashinta inci 3.5 ne. Da Samsung ya fitar da Galaxy Note a 2011 mai inci 5.3, dariya aka yi ta yi, ana cewa kamar mutum ya kara faranti a kunne. A 2014 Apple ma ya bi sahu da iPhone 6 Plus mai inci 5.5. Yau waya mai inci shida da rabi ita ce gama-gari, har a masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Infinix da itel. Tun 2017 Samsung ya kawo tsarin DeX, wanda ke ba mutum damar jona wayarsa da babban allo ya yi aiki kamar a kwamfutar tebur. A 2021 kuma Apple ya sa wa iPad Pro ƙwaƙwalwar M1, irin wadda ke cikin kwamfutocinsa na MacBook. Ke nan batun ƙarfi ya wuce. Abin da ke aljihunmu ya ninka kwamfutocin da muka yi digiri da su.

Steve Jobs ya hango wannan tun 2010, shekarar da iPad ta fito, inda ya kwatanta kwamfutar gargajiya da motar ɗaukar kaya: za ta ci gaba da zama, amma mutane kaɗan ne za su buƙace ta. A ƙasashensu hasashe ne. A wajenmu kuwa abin ya riga ya faru. Tun da layukan GSM suka shigo Nijeriya a 2001, mafi yawan jama'a daga rediyo suka tsallaka zuwa waya, ba su bi ta kan kwamfuta ba. Waya ce bankinsu, ita ce shagonsu, ita ce makarantarsu. Don haka duk abin da aka hana waya yi, su aka hana.

A 1972 wani masani a Amurka mai suna Alan Kay ya zana wata na'ura da ya kira Dynabook. Duk wanda ya ga zanen zai ce tablet ce: shimfiɗaɗɗiya, mara nauyi, yaro zai iya ɗauka ya tafi gindin bishiya. Amma manufarsa ita ce yaro ya rubuta nasa shirin a kanta, ya ƙera nasa wasan, ya gwada lissafinsa ya ga sakamako. Kwamfutocin gida na shekarun 1980, irin su Commodore 64, suna kusa da wannan ruhi: kana kunna su za su tsaya suna jiran ka rubuta musu umarni da harshen BASIC. Mu ma ta irin wannan ƙofa muka shigo. A kafe, da kuɗin awa ɗaya, muka gano cewa ana iya buɗe cikin kowane shafin intanet a ga yadda aka rubuta shi, a kwafa, a canza launi, a lalata, a gyara. Da yawanmu a kan tsohuwar kwamfutar wani yaya ko kawu muka koyi aiki, bayan mun kashe ta sau biyu an yi mana faɗa. Ba wanda ya tsara ya koya mana. Ƙofar ce aka bari a buɗe, ƙiriniya ta shigar da mu.

Hausa ta yi mana gata da ta kira gilashin waya allo. Allon da muka sani tun muna yara na rubutu ne. Masassaƙi ya sassaƙa shi, yaro ya dafa tawadarsa, ya feƙe alƙalaminsa, ya rubuta, ya wanke, ya sake rubutawa. Idan ya tsage a ɗaure shi. Babu wani sashe nasa da yake ɓoye ga mai shi. Sabon allon ya gaji sunan, amma ana ƙera shi ne da tunanin cewa mai shi ɗan kallo ne.

Ga yadda kullen yake. A mafi yawan ƙasashe, mai iPhone ko iPad ba ya iya saka manhaja sai ta rumbun App Store. Wanda ke son sa manhajarsa a can zai biya dala 99 duk shekara, kuma cikakken kayan aikin rubuta ta, Xcode, a kwamfutar Mac kawai yake aiki, ko da iPad ɗinsa na da ƙwaƙwalwa iri ɗaya da Mac ɗin. Idan ya yi ciniki a cikin manhajar, kamfani na ɗaukar kashi 30 cikin ɗari, ko 15 ga ƙananan masu sana'a. Android ta fi sassauci: dala 25 sau ɗaya, kuma ana iya saka manhaja daga waje. Amma a 2025 Google ya sanar da shirin tantance duk masu rubuta manhaja, har da waɗanda ba sa bi ta rumbunsa. Haka abin yake a ɓangaren gyara. A wasu wayoyin, idan aka canza gilashi ko batir, wayar kan nuna gargaɗin cewa ba ta san wannan sashe ba, domin an ɗaure kowane sashe da lambar wayar da ya fito da ita. Mai gyara a Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja yana da hannu, yana da ido, amma izinin yana wata nahiya.

Adalci ne mu faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, domin tana da ƙarfi. Mun tuna yadda fulash ɗaya ke kwaso ƙwayar cuta daga kafe ta cinye aikin shekara. Sauƙin waya ne ya ba iyayenmu mata, waɗanda ba su yi boko ba, damar aika saƙon murya ga jikokinsu a Legas ko Makka ba tare da neman mai rubuta musu wasiƙa ba. Kullen da muke kuka da shi yana tsare asusun mutane da yawa daga 'yan damfara. Kuma ba kowa ne ke son rubuta manhaja ba, kamar yadda ba kowane mai mota ke son zama bakanike ba, babu kuma abin kunya a ciki. Bugu da ƙari, ba gaskiya ba ne a ce ba a ƙirƙira da waya. Marubuta mata nawa ne suka buga littafi sukutum da babban yatsa, babi bayan babi, suka raba a WhatsApp da Wattpad? Matasa nawa ke ɗaukar bidiyo su tace shi a waya su ci abinci da shi?

Mun yarda da duk wannan. Amma akwai bambanci tsakanin noma gona da mallakar gona. Marubuciyar nan da mai bidiyon suna aiki ne a filin da wani ya shata, kuma mai filin na iya canza haya, ko ya rufe asusu cikin dare, babu wanda za a kai wa ƙara. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya ƙera kayan aiki shi ke yanke abin da zai yiwu da su. Mun ga misali a harshenmu: shekaru da yawa madannan waya ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai jama'a suka saba rubutu babu su, har yau da haruffan suka samu mutane da yawa ba sa nemansu. Ba wanda ya yi nufin cutar da Hausa. Kawai babu mai jin Hausa a ɗakin da aka yanke shawarar.

To ina iyakar kariya? A ganinmu ma'aunin shi ne wurin da makulli yake. Mai riƙon dukiyar maraya yana da haƙƙin hana shi taɓa ta yana ƙarami, amma amana ce, ranar da ya mallaki hankalin kansa dole a miƙa masa. Idan mariƙin ya ce ba zai taɓa miƙawa ba, kuma yana cin riba daga riƙon, to sunan abin ya canza. Babu laifi waya ta zo a kulle daga kanti, domin kare wanda bai sani ba. Laifin shi ne a hana baligi buɗe abin da ya saya bayan an yi masa gargaɗi ya ce ya ji ya gani. Kuma kullen ba ya cika alkawarinsa koyaushe. Manhajojin bashi da suka riƙa kwashe lambobin mutane suna aika wa dangi saƙon tozarci, da yawansu ta rumbun hukuma aka sauke su, sai a 2023 Google ya hana irinsu leƙa lambobi da hotunan masu waya.

Cewa abin ba ƙaddara ba ne, Tarayyar Turai ta nuna. Dokarta ta kasuwannin dijital ta tilasta wa Apple barin wasu rumbunan manhaja a ƙasashenta tun 2024. Dokarta ta caja iri ɗaya ce ta sa iPhone ta koma USB-C. Abin da aka yi shekaru ana cewa ba zai yiwu ba ya yiwu da doka ta yi magana. A Ingila kuma, da malamai a Jami'ar Kambirij suka lura cewa masu neman karatun kwamfuta suna zuwa ba su taɓa rubuta shiri ba, sai suka ƙera Raspberry Pi, 'yar kwamfuta mai dala 35 da ta fito a 2012, musamman domin yara su sami abin da za su lalata ba tare da tsoro ba. Mu ma muna ganin alamar wannan giɓi. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ake samun ɗalibin da ya ƙware a waya amma ranar jarrabawa ce ranar farko da ya riƙe linzamin kwamfuta.

Nan ne maganar ta dawo kanmu, kuma ba ta da daɗi. Mu da ke wannan musu a teburin mai shayi, kowannenmu yana da kwamfuta a jaka. Da allon rubutu muke aiki, allon kallo muke sayarwa. Mu ne ke zama a taro ana auna nasarar manhaja da yawan mintocin da mutum ya ɓata a cikinta, mu gyaɗa kai. Mu ne ke ɓoye maɓallin goge asusu a ƙarƙashin shafuka biyar. Mu ne ke ƙin ba mutum hanyar kwashe bayanansa ya koma wani wuri, domin kada ya tafi. Abin da muke zargin manyan kamfanoni da shi, muna yin ƙaraminsa duk mako. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, wadda za ta iya sa yarinya a Funtuwa ta bayyana abin da take so da baki a rubuta mata manhaja. Wannan na iya zama babbar ƙofa. Amma idan wayarta ba za ta bar ta ta saka abin da ta ƙera ba, ko ta tura wa ƙawarta, an ba ta alƙalami an hana ta allo.

Ba mu san ko nan da shekara goma wayar za ta naɗe ba, ko za ta koma tabarau. Abin da ke hannunmu ya fi wannan kusa. Mai rubuta manhaja ya bar wa mutane hanyar fita da kayansu, ya kuma ba Hausa haruffanta. Mai saye ya tambayi mai kanti ko ana canza batir, da shekara nawa kamfani zai ci gaba da sabunta wayar. Makaranta ta bar yara su taɓa kwamfutocin da aka lulluɓe da leda ana jiran zuwan baƙi. Uba ko yayan da ke shirin saya wa yaro babbar waya kuwa, ya duba ko kuɗin zai isa ƙaramar waya da tsohuwar kwamfuta 'yar kwatano. Yaron zai kashe ta, wannan tabbas ne. Idan ya kashe ta, kada a yi masa faɗa da yawa. A zauna tare da shi a buɗe ta.